Yatsan da Anton Bai Ɗaga Ba

Brezina, Nebraska
Fabrairu, 1956

Ƙanena Milo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a can Los Angeles ɗin taku. Mu nan lafiya, in ban da sanyi da ya hana kaji yin ƙwai, da gwiwar Mama da ta tashi tun Kirsimeti. Ta ce in tambaye ka ko hannunka ya karye ne. Na ce mata a'a, wanda rubutu ya zama sana'arsa ba ya ɓata shi a kan dangi.

Mun ga abin da ka aiko. Mun buɗe kwalin muna zaton hotonka ne, sai ga wani dodo mai ido ɗaya da kai kamar kabewa, ya sungumo wata baiwar Allah da rigar barci, gari yana ci da wuta a bayansu. Ko layi ɗaya ba ka sa a ciki ba. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce yarinyar nan mura za ta kama ta. Yanzu hoton yana bayan kabad, don Fada, limamin cocinmu, yakan shigo shan kofi. Wannan ne aikin da ka bar gona dominsa?

Ba ka tambayi mijina ba, amma zan gaya maka, don ba ni da wanda zan gaya wa. Anton yana cin abinci, yana aiki, ba ya shan giya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Kowa cewa yake in gode wa Allah, wasu matan akwati aka kawo musu daga Koriya, ni kuwa aka dawo mini da mutum da ƙafafunsa bayan zaman fursuna. Na gode. Amma shekara ta uku ke nan, maganar da yake yi a yini ba ta cika cokali ba.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne hanya. Ka san garin nan. Mutum zai yafe maka in shanunka sun shiga masararsa, amma ba zai yafe maka ka wuce shi a mota ba ka ɗaga masa yatsa daga kan sitiyari ba. To, Anton ya daina. Mota za ta taho, sai ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ya kafe ido a kan titi har ta wuce. Mutumin da ya tuƙa babbar motar soja, a ce ɗan yatsa ɗaya ya gagare shi? Tsoho Hruska ya tare ni a bakin coci, ya ce shi ya riƙe Anton ranar baftisma, yanzu yana ɗaga masa yatsa ba amsa, me ya yi masa? Ni nake bi ina ba mutane haƙuri.

Na gaji, Milo. Wani lokaci ina kallonsa a kan tebur in ce a raina, jikin dai na mijina ne, amma wa ke zaune a ciki? Kada ka maimaita wa Mama wannan.

Yayarka,
Libby

Los Angeles
Maris, 1956

Yaya Libby,

Na gaishe ku duka. Ki shafa wa Mama man nan mai zafi a gwiwa, ki ce daga ni ne. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kofi da ya maye mini gurbin jini.

Kada ki raina dodon nan, shi ke ciyar da ni. Bari in gaya miki yadda muke aiki, don ki daina zaton ina kwance a bakin teku. Maigidanmu, Mista Garber, ba da labari yake farawa ba. Suna yake fara samowa, ya sa a zana hoton talla, ya kai wa masu gidajen silima. In sun ce suna so, sai ya dawo ya jefa mini hoton a kan tebur ya ce, "Vondra, nan da mako guda ina son abin da ya faru a cikin hoton nan." Wannan karon sunan shi ne Sun Sauka a Cikin Masara.

Yanzu duk garin nan abu ɗaya ake yi: baƙi daga wata duniya sun sauko za su cinye Amurka. Manyan kamfanoni suna rushe birni guda a fim ɗaya. Mu kuwa kan dodo ɗaya gare mu, na roba, kuma mai sa shi suma yake yi in ya daɗe a ciki. Saboda haka na ce baƙin namu ba sai an gan su ba, cikin mutane suke shiga. Maƙwabcinka yana nan da fuskarsa da hularsa, amma ba shi ba ne. Mista Garber ya kusa rungume ni, don maƙwabci ba ya buƙatar roba.

Sai na maƙale a wuri ɗaya, ina ta zagaye ɗaki, har ran da wasiƙarki ta zo. Yaya, ba ki san yadda ta taimake ni ba. Ina karanta ta na ga gida a gabana, titin coci da akori-kura da komai. Za ki ga Brezina a cikin fim ɗin nan.

Ki gai da Anton.

Naki,
Milo

Brezina
Afrilu, 1956

Milo,

Muna lafiya, Mama ta fara taka ƙafar, har ta shuka albasa ba da sanina ba. Ina fata ka rage kofin nan ka ci abincin mutane.

Ka ba ni kunya, a karon nan ta hanya mai kyau. Ban san kana kewar gida haka ba. Na karanta wa Mama inda ka ce ka ga titin coci, ta share ido da gefen rigar girkinta, ta ce a ciro dodon daga bayan kabad.

Ban tsaya nan ba. Na je wurin Mista Pokorny mai gidan silima na ce masa, ɗan garin nan ya rubuta fim a kan garin nan, kai kuma kana nuna mana kaboyi kowace Asabar? Ya rubuta wa masu rabon fim, sun ba shi Asabar ta ƙarshen Yuli, nunin rana, don manoma su samu komawa tatsar shanu. Matan coci za su gasa kolache, ɗan burodin nan namu mai zaƙi, masu bushe-bushe na makaranta za su yi wasa a bakin ƙofa. Misis Pokorny tana rubuta sunanka a jikin zanen gado don a rataya a ƙofar silima.

Amma gaya mini, ta yaya wasiƙata ta taimake ka? Ni dai na san ƙorafi na cika ta da shi. In kaji ne da ba sa ƙwai, to sun fara.

Libby

Brezina
Yuni, 1956

Milo Vondra,

Mama lafiya, Anton lafiya. Kai kuma ina fata kana da lafiyar da za ka karanta wannan a zaune, tunda tun Afrilu ka yi shiru, yanzu kuma na san dalili.

Vlasta 'yar Inna Ruza ta zo daga Omaha. Ta ga fim ɗinka a can. Ta shigo kicin ta ƙi zama, tana ta murza safar hannunta, har na ce mata in mutuwa aka yi ta faɗa. Sai ta ba ni labari. Wai wani manomi ne ya dawo daga yaƙi. Wai yadda ake gane wanda baƙin sama suka shiga jikinsa shi ne ba ya ɗaga yatsa a hanya. Wai matarsa ta tsaya a gaban tebur ta ce jikin dai na mijinta ne, amma wa ke zaune a ciki. Sunan manomin Andy Sadler. Sunan mijina Anton Sedlak. Sannu da ƙoƙari, lallai ka sha wahala wajen ɓoye shi.

Sannan ta gaya mini ƙarshen. Mutanen gari da sojoji suka rufe shi a rumbun ciyawa suka zuba fetur, matar kuma ita ta nuna musu inda yake. Ta ce a Omaha tafi aka yi.

Kai kana da hankali kuwa? Ka manta garin da ka fito? Tun da aka sako fursunonin nan jaridu suke cewa 'yan gurguzu sun juya wa wasu tunani, sun dawo da su gida su zauna a cikinmu. A shagon aski an riga an yi wannan maganar a kan Anton, an yi shiru ne kawai da ya shigo. Yanzu ƙanin matarsa, wanda ya san cikin gidan, ya fito ya faɗa a kan farin allo, da kiɗa. Wa zai ce ƙarya ne?

Na rubuta maka abin da ban iya gaya wa Fada ba, ka ɗauka ka sayar da shi tare da gugguru. Ni kuma da ƙafata na je na roƙo a kawo shi garin nan. In na tuna wannan sai in ji kamar in sa kaina a cikin tanda.

Ka yanke wurin nan. Ko ka hana a aiko fim ɗin. Ban san yadda kuke yi ba, ban kuma damu ba. Anton ba zai zauna a gaban garin nan ya ga ana ƙona shi ba.

Libby

Los Angeles
Yuli, 1956

Yaya Libby,

Na ji daɗi Mama ta samu sauƙi. Ni ma lafiya, sai dai tun da na karanta wasiƙarki abinci ba ya shiga.

Kin ce kada in maimaita wa Mama, ban kuma maimaita mata ba. Na san wannan ba zai wanke ni ba, amma ina so a rubuta shi.

Da kika ce Mista Pokorny zai kawo fim ɗin, na zauna zan rubuto miki ya fi a ƙirga, na kasa. Na yi zaton irin finafinanmu a wajen gari ake nuna su, inda samari ke kallo daga cikin mota, rabinsu ma ba allon suke kallo ba. Ban taɓa kawo wa raina zai isa Brezina ba.

Ba zan iya yanke komai ba. An riga an buga shi an raba jiha-jiha, ni kuwa marubuci a nan darajarsa ba ta kai ta mai riƙe fitila ba. Na je wurin Mista Garber na gaya masa gaskiya. Ya cire sigari daga baki ya ce, "Wato akwai mutumin da gaske? Zai yarda a ɗauki hotonsa?" Na fito kafin in yi abin da za a kore ni.

Ƙarshen nan ba nawa ba ne, na rantse miki. Ni na rubuta cewa matar ta shiga rumbun ta zauna kusa da shi ta kama hannunsa. Mista Garber ya buga hoton talla da yatsa ya ce akwai wuta a nan, an sayar wa mutane wuta, dole su ga wuta.

Kuma fim ɗin ba a kan Anton yake ba. Wani ɗan jarida ya ce a kan Rashawa ne. Wani ya ce a'a, a kan masu farautar 'yan gurguzu ne. Ni alama kawai nake nema da kyamara za ta iya ɗauka ba tare da roba ba, kuma ban taɓa ganin wadda ta kai yatsan nan ba.

Ki ɗauke shi ku tafi wurin Inna Ruza a wannan Asabar ɗin. Ki ce ba ta da lafiya, ai kullum ba ta da ita.

Ki yafe mini in kin iya.
Milo

Brezina
Yuli, 1956

Milo,

Lafiya muke. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

"Ban taɓa ganin wadda ta kai yatsan nan ba." Ka karanta wasiƙar taka kafin ka liƙa? Kana neman gafara kana yabon kanka a shafi ɗaya.

Na koma wurin Mista Pokorny. Ya ce, "Libby, ke kika kawo maganar, yanzu matata ta ɓata zanen gado biyu, an sanar a coci, ki ce in fasa? In ce wa mutane me?" Ban iya gaya masa dalili ba. Vlasta kuwa ta riga ta gaya wa mutum ɗaya kawai, ka san ma'anar haka a nan. Jiya a kantin Novotny mata suka yi ta yi mini fara'a irin wadda ake yi wa mai takaba.

Na bi shawararka, tunda ba ni da wata. Na ce wa Anton Inna Ruza tana kwance, mu je ranar Asabar. Ya ci gaba da shafa man shanu a burodi, ya ce, "Inna Ruza za ta kai Lahadi. Ƙaninki ya yi fim, za mu je mu gani." Rabon da in ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa har na manta. Na ce ai shirme ne, dodon roba ne. Ya ce, "Na ji abin da ke ciki."

Ya ciro farar rigarsa da kansa ya rataye a bayan ƙofa. Ina jin tsoro, Milo, kuma ina jin haushinka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Libby

Brezina
Agusta, 1956

Milo,

Bayan gaisuwa. Mama lafiya, tana tsinkar tumatir. Ta ce in gaya maka ta haifi jaki, ta kuma ce ka zo Kirsimeti. Katinka biyu sun iso, da saƙon wayar da ka buga gidan Pokorny. Na bar ka ka jira da gangan.

Mun je. Garin duka ya je, har waɗanda ba su taɓa shiga silima ba. Zafi kamar me, Anton cikin farar riga, ya zaɓi kujera a tsakiyar ɗaki inda kowa zai gan shi.

Da farko dariya aka yi ta yi. Milo, ina ka taɓa ganin duwatsu a bayan gonar masara a Nebraska? Akwai ma wata bishiyar dabino da ta leƙo ta gefe. Da jirgin baƙin ya sauko, wani daga baya ya ce murfin tayar motarsa ne da ya ɓace bara. Na fara cewa a raina ƙila shirmenka ya cece mu.

Sai ga akori-kura biyu a kan titi. Direban ta farko ya ɗaga yatsa. Manomin ya wuce bai ɗaga ba, kiɗa ya yi wani irin gurnani. Dariya ta ɗauke. Har taunar gugguru aka daina. Ba wanda ya waiwayo ya dube mu, kowa ya sandare da wuya a miƙe, wanda ya fi waiwayen muni.

Da matar ta faɗi maganata, ba a canza ko kalma ɗaya ba, Anton ya juyo ya dube ni. Bai tambayi komai ba. Ya san kai ba ka da basirar ƙirƙiro wannan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasa ta tsage in shige.

Aka ƙona rumbun. Ba wanda ya tafa. A waje ga kolache faranti-faranti, mutane suna tsaye suna kallon takalmansu. Tsoho Hruska ya riƙe hularsa a hannu ya matso kusa da mu. Anton ya gaishe shi da kai, ya ɗauki kolache ɗaya mai cuku, muka shiga mota.

Mun kama hanyar gida. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, abin da na fi iyawa, sai ga motar shanu ta taho daga gaba. Anton ya rage gudu sosai ya ce, "Riƙe ƙofa. Duba hannuna." Ya ɗaga yatsa ɗaya.

Milo, hannun gaba ɗaya ya tashi. Ya kama rawa yana bugun sitiyari, ɗayan ya bi shi, motar ta kwace ta gangara cikin rami ta tsaya a jikin shingen waya. Ba mu ji ciwo ba. Ya zauna yana kallon hannuwansa a kan cinya suna ta karkarwa, gumi ya jiƙa farar rigar.

Ya ce, "A kan hanya aka kama mu. Motoci suka taho ta gaba, muka ɗauka namu ne, na ɗaga musu hannu. Tun ranar, in mota ta taho mini, in ban riƙe sitiyari da yatsu goman duka ba, haka ke faruwa. Ke kuma kina zaune a gefena."

Na ce, "Shekara uku, Anton. Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Ba ki tambaya ba. Kina ta ba mutane haƙuri."

Na yi kuka a cikin ramin nan har mai motar shanun ya dawo da sarƙa. Anton bai ce mini ya yafe maganar tebur ba, ni ma ban roƙa ba tukuna. Amma ya bar ni na riƙe hannun har ya lafa.

Yanzu ni ke tuƙi. Shi ya koya mini a cikin gonar da aka yanke alkama. Na riga na kayar da ginshiƙin ƙofar gida, na kuma taka kazar Mama mafi ƙwai, duk a wuyanka suke. Matan coci suna ganin abin kunya ne mace ta kawo mijinta wurin ibada yana zaune a gefe kamar buhun dankali. Su ji da shi. Shi kuwa ba yatsa ba, hannu guda yake fitarwa ta taga, har shanu yake gaisarwa. Ranar Lahadi Hruska ya kusa faɗawa rami garin amsawa.

Kada ka ɗauka an gama. A shagon aski har yanzu akwai masu yin shiru in ya shiga. Kada kuma ka kuskura ka ce fim ɗinka ne ya gyara mana gida, don na san ka, kana iya rubuta wannan ma ka sayar. In na ga ramin nan a kan allo, sai na zo Los Angeles da kaina, kuma yanzu na iya mota.

Anton ya ce in bar masa wuri a ƙasa.

Libby

Milo,

Na ga fim. Ana ganin zif a bayan kan dodon. Kuma ba a girbin masara a watan da ake shuka ta.

Libby ta ce kai ka rubuta matar ta kama hannunsa, aka canza. Na gode. Amma ko a naka ɗin, ba ta tambaye shi komai ba. Na zauna ina jira tun daga farko har wuta, da likitan, da ɗan sandan, da matar, ba wanda ya ce masa, Andy, me ya samu hannunka.

In za ka sake yin irinsa, ka sa mutum ɗaya ya tambaya kafin a kawo fetur. Ba ya buƙatar roba.

Anton